Malama Kawo-nan da Bokitin Hawainiya

Ba ta iya kallon mutum yana aiki ba. Wannan shi ne aibinta, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba. In ta same ka kana yanka albasa, za ta tsaya a kanka tana kaɗa ƙafa, kafin ka kai rabi wuƙar tana hannunta. In yaro ya fito gaban allo ya tsaya tunani, ba ta barin tunanin ya nuna, sai dai ka ji, "Kawo nan!" ta fizge allin ta ƙarasa lissafin da kanta. Daga nan ɗalibai suka laƙaba mata Malama Kawo-nan, sunan ya bi ta aji bayan aji har ya danne nata na gaskiya. Ta kuma san da shi sarai. Ranar da wata sabuwar malama ta matso kusa da ita, ta rage murya za ta tsegunta mata, cewa Malama ta yi, "Ai sun yi min adalci. Da ni ce su, sunan da zan sa ya fi wannan muni."

Ita ce 'yar fari a gida mai yawan yara, uwarsu kuma mai fama da ciwon baya. Tun kanta bai wuce tebur ba ta gane cewa in ta tsaya jiran ƙannenta su ɗaura igiyar takalmi da kansu, za a rufe ƙofar makaranta suna hanya. Sai ta riƙa jera su tana ɗaura wa kowa. Masu son ba ta uzuri da wannan suke kafa hujja. Ita kuwa ba ta taɓa neman uzurin kowa ba. Cewa take yi Allah Ya yi wasu da sauri Ya yi wasu da nawa, kuma ba ita ta raba ba.

Mijinta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai sanyin hali. Tun farkon zamansu ya daina ɓare lemo a gabanta, sai ya ɗauka ya fita baranda ya ɓare abinsa a tsanake. Babbar 'yarsu har ta bar gidan ba ta taɓa kai girki ƙarshe a kicin ɗin uwarta ba, sai a nata gidan ta koya, da ƙonawa da zubarwa.

Amma a faɗi gaskiya, malama ce ta ƙwarai. Ba ta makara, ba ta zaman hira a ofishin malamai alhali aji na jiranta, ba ta kuma zagin iyayen yaro. Hanyarta ɗaya ce: ta yi a allo, ku kwafa, ku maimaita har hannunku ya haddace. A jarrabawar rubutu wannan hanya ba ta taɓa ba ta kunya ba. Shekara da shekaru sakamakon lissafi shi ne abin da Firinsifal ke fara nuna wa baƙi.

Sai ga shi, dab da ritayarta, hukumar jarrabawa ta zo da sabon tsari. Kowane ɗalibin ajin ƙarshe zai zaɓi wata tambaya daga rayuwarsa ta yau da kullum, ya auna, ya tara lambobi, ya zana, ya rubuta abin da ya gano. Za a aika da aikin hukuma, daga baya jami'i ya zo makaranta ya zaunar da yaro ya yi masa tambayoyi baki da baki. Malamin darasi zai zauna can baya a cikin ɗakin a matsayin shaida, amma ba zai ce uffan ba. In ya yi magana, ko aka gano hannun wani a aikin, an soke shi ke nan, wanda aka soke wa kuwa ya faɗi lissafi gaba ɗaya.

"Wato an kawo jarrabawar da za a jarraba ni," in ji ta, ranar da aka karanta musu takardar. Malamai suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

A ajin akwai wata yarinya da ake kira Hawainiya. Ba daƙiƙiya ba ce, amma komai nata a hankali yake. In ka tambaye ta abu, sai ta dube ka, ta dubi ƙasa, ta motsa baki, sannan amsar ta fito kamar ana janyo ta daga rijiya. Sau da yawa amsar daidai take, sai dai kafin ta iso Malama ta riga ta wuce tambaya ta gaba. Wannan ce shekararta ta biyu a ajin, lissafi ne ya dawo da ita, makarantar kuma ba ta barin a maimaita sau biyu. Makarantar koyon jinya take so, can kuwa ba sa ko duban takardar wanda bai ci lissafi ba. In ta faɗi bana, ƙofar ta rufu.

Uwarta wanki da guga take yi wa mutane, suna zaune a gidan haya mai tankin ruwa ɗaya a bisa rufi. Daga nan yarinyar ta samo tambayarta. Ta lura duk ranar da aka cika tankin, rabin sama kan ƙare da wuri, har uwarta ta shiga faɗa da maƙwabta cewa wani na satar ruwa, amma rabin ƙasa sai ya yi ta jan jiki kamar ba zai ƙare ba. Sai ta nemi wani tsohon bokitin fenti, ta huda shi da ƙusa kusa da gindi, ta ja masa layuka a ciki daga sama zuwa ƙasa. Ta riƙa cika shi tana duba agogon wayar uwarta, tana rubuta lokacin da ruwa ke ɗauka daga layi zuwa layi. Ta maimaita har hannayenta suka yi fari. Da ta ɗiga lambobin a takardar zane, ba su ba ta miƙaƙƙen layi ba, sai wani layi da ya gangaro da ƙarfi sannan ya kwanta. A ƙasa ta rubuta da ƙananan haruffanta cewa ruwan sama ne ke danne na ƙasa ya fita, in na saman ya ragu dannawar ta ragu, saboda haka babu ɓarawo a gidansu.

Malama ta karanta a tsaye, yarinyar na gabanta ta haɗa hannu a baya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malama."

"Wannan ai labari ne, ba lissafi ba. Ina ƙa'idar? Mutum ya taso tun daga hukuma ki ce masa ruwa na danne ruwa?"

Hawainiya ta buɗe baki. Wataƙila da an ba ta lokaci da ta faɗi wani abu.

"Kawo nan. Zan duba a gida."

Ranar hutun ƙarshen mako, da hantsi, ta baje takardun a teburin cin abinci. Niyyarta ta gyara waƙafi da jeren lambobi kawai. Amma layin nan da ya gangaro ya kwanta ya yi ta kallonta. Ta san shi. Ta san ƙa'idar da ke haifar da shi tun tana kwaleji, abu ne mai kyau, mai tsafta, wanda rabonta da taɓa irinsa tun kafin ta fara koyar da yara raba lamba. Ta ɗauki jan biro ta rubuta layi ɗaya a gefe. Layin ya nemi na biyu. Kafin rana ta take, ta cika shafuka da lissafin da ba a koyarwa a sakandare.

Mijinta ya wuce da kofin shayi, ya leƙa.

"Maman yara, wa zai zana jarrabawar nan, ke ko yarinyar?"

"Hanya nake nuna mata."

"To. Na ga kamar kin goya ta ne."

"Baban yara, shayinka na hucewa."

Ya ɗaga kofin ya yi gaba, yana faɗin garin gyaran gira dai ake rasa ido. Ta ji shi, ta yi kamar ba ta ji ba.

Da aka koma makaranta ta miƙa wa Hawainiya shafukan ta ce ta kwafe su da hannunta ta liƙa a ƙarshen aikin. Yarinyar ta daɗe tana kallon su.

"Malama, ban gane wannan ba."

"Kwafa dai. Ganewa na biyo baya."

Ta kwafe, harafi bayan harafi, ko ɗigo ba ta bari ba. Aka haɗa aikin da sauran na aji, aka buga masa ƙarfen maƙale takarda, aka aika hukuma. Firinsifal da ya duba kafin a tafi da shi har da kaɗa kai, ya ce wannan shi zai fitar da makarantar kunya bana.

Ganewa ba ta biyo baya ba. Malama ta gano haka ne ranar da ta shirya gwaji bayan an tashi, ita ta zama jami'i, yara na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Hawainiya ta yi bayanin bokitinta, a hankali amma ba tuntuɓe, har da inda ta yi kuskure tun farko ta huda shi da babbar ƙusa ruwa ya tsere mata. Da aka zo shafukan ƙarshe sai ta tsaya cak. Ta dubi rubutun hannunta kamar wasiƙar da aka rubuto da wani harshe.

A nan Malama ta gane ɓarnar da ta yi. Aikin ya riga ya tafi, bakin alƙalami ya bushe. Ba za a iya janye shafukan ba, jami'in kuma zai tambaya a kansu, don su ne suka fi ɗaukar ido. Sai ta koma ga abin da ta iya. Kullum bayan an tashi ta tsare yarinyar a aji, ta rubuta a allo, ta goge, ta ce maimaita. Hawainiya ta haddace tsaf, tana rerawa daga farko zuwa ƙarshe kamar waƙa. Amma in ka tare ta a tsakiya ka ce me ya sa, sai zaren ya tsinke, dole ta koma farko. Malama ta gwada yin bayani, sai dai duk lokacin da yarinyar ta yi shiru tana ƙoƙarin kamo bakin zaren, ita ce ke cike shirun da amsa. Ta san tana yi, ta kuma kasa bari.

Ana cikin haka uwar yarinyar ta zo makaranta, da ƙullin kayan mutane a kai za ta kai guga. Ta tsaya a ƙofar ofishin malamai ta ƙi shiga.

"Malama, godiya na zo yi. An ce kin tsaya mata tsayin daka."

"Aikina ne."

"Sai dai ta daina cin abinci. Ko wanki take taya ni bakinta na motsi, kamar mai zazzaɓi. Na ce mata ke da Malama ta riƙe wa hannu, me za ki ji tsoro? Ni ban san komai a nan ba. Ke ce uwarta a wannan wuri."

Malama ta dubi ƙullin kayan, ta dubi hannayen matar da sabulu ya cinye. Ta ce, "A ba ta abinci ko ba ta so," ta juya ta koma ciki.

Ranar da jami'in ya zo, an share ɗakin gwaje-gwajen kimiyya an sa tebur a gaba, kujera ɗaya tana fuskantarsa, biyu a can baya kusa da famfo, na Malama da Firinsifal. Jami'in wani siririn dattijo ne mai tabarau, kuma tun shigowarsa Malama ta san Allah Ya haɗa ta da gamonta. Mutumin ya fi Hawainiya nawa. Sai da ya goge tabarau, ya jera birukansa, ya gyara su, ya sake gyarawa. Da zai karanta musu doka, kowace kalma sai da ta huta kafin 'yar'uwarta ta fito.

"Malama, ke shaida ce. Shaida a nan ido ne da kunne. Mun fahimci juna?"

"Mun fahimta."

Yaran farko suka shiga suka fita, mai auna inuwar sandar tuta, mai ƙirga motocin da ke wuce ƙofar makaranta. Malama ta daure. Ta cusa hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta, ta kafa ido a kan wani tsagin bango. Sau ɗaya wani yaro ya kira faɗi tsawo, ta ji abin har cikin haƙoranta, amma ta haɗiye.

Sai aka kira Hawainiya. Ta shigo da bokitinta a hannu, ba wanda ya ce ta kawo shi. Jami'in ya dube shi ta saman tabarau.

"'Yata, wanki za mu yi?"

"A'a, Malam. Shi ne... shi ne abin da na auna."

"To, nuna min."

Ta zo famfon da ke kusa da Malama ta cika shi, ba ta dube ta ba. Ta toshe hujin da yatsa, ta kai gaban jami'in ta ɗora a bakin kwatamin wanke kayan gwaji, ta saki. Ruwa ya yi tsartuwa da nisa. Suka tsaya su biyu suna kallo, tsoho da yarinya, har tsartuwar ta rage ta dawo tana bin jikin bokitin. Ya tambaye ta me ya sa ta maimaita awon da yawa. Ta yi shirunta, ta dubi ƙasa, ta motsa baki. Malama ta ji amsar ta taso mata har maƙogwaro. Jami'in kuwa ya jingina da kujera kamar wanda ba shi da sauran aiki a duniya. Can sai yarinyar ta ce saboda yatsanta ba ya danna agogo daidai kowane lokaci, in ta yi da yawa ta raba, kuskuren wannan zai rage na wancan. Ya kaɗa kai ya rubuta wani abu. Ya tambaye ta in bokitin ya fi wannan faɗi fa? Ta sake yin shiru mai tsawo, ta ce zai fi daɗewa, amma layin zai kwanta iri ɗaya, ta ga haka a tankin gidansu. Ya sake rubutawa.

Firinsifal ya taɓo Malama da gwiwar hannu yana murmushi. Ita ba ta yi ba, don ta ga yatsan mutumin ya kai ga leɓensa, ya sauko, ya buɗe shafukan ƙarshe.

Ya daɗe a kansu. Ya koma baya ya dubi na farko, ya dawo.

"Wannan fa, 'yata?"

Hawainiya ta miƙe tsaye sosai, ta ja numfashi, ta fara rerawa. Muryarta ma ta sauya, ta zama mai sauri, mai kaifi, duk wanda ya taɓa zama ajin Malama ya san muryar wa ke nan. Ta wuce layin farko, ta wuce na biyu. Jami'in ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wannan biyun da ke nan, daga ina ta fito?"

Zaren ya tsinke.

Famfon da ke bayan Malama bai rufu da kyau ba, yana ɗiga. Yarinyar ta dubi takardar, ta dubi ƙasa. Leɓenta ya fara motsi, Malama ta gane komawa farko take yi a zuci, tana bin waƙar ko za ta kai ta wurin. Ba za ta kai ta ba, don amsar ba ta cikin waƙar. Malama ce ta tsallake wannan matakin ranar da ta rubuta, saboda a wurinta abu ne da ko makaho ya gani. Gumi ya tsattsafo wa yarinyar a bayan wuya. Jami'in ya cire hannunsa daga takardar ya haɗa yatsu, ya shirya jira. Malama ta danne hannayenta har suka mutu, ta cije leɓe, ta ce wa kanta tsagin bango, tsagin bango. Hawainiya ta ɗan juyo da kai, ba duka ba, irin juyowar yaron da ya saba a ƙarasa masa.

"Rabin da ke ɗaya gefen ne ya tsallako!"

Sai da maganar ta daki bango ta dawo sannan Malama ta san daga bakinta ta fito.

Jami'in ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya ce wa yarinyar, cikin taushin murya, ta ɗan jira a waje. Ta fita ta bar bokitin a kwatami. Ƙofa na rufuwa Firinsifal ya miƙe.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, suɓutar baki ce. Halinta ne, kowa a makarantar nan ya sani, ko a taron malamai haka take yi min. Yarinyar kuma kunya ce da ita, amma aikinta ne, mu shaida ne."

"Maganar da aka yi yanzu ta isa in soke," in ji jami'in. "Amma ba ita ta fi damuna ba." Ya juya takardun ya fuskantar da su wajen Malama. "Na ga yarinyar da ta huda bokiti. Ita na yi hira da ita yanzu, kuma na gamsu. Wanda ya yi shafukan nan na ƙarshe ban gan shi ba tukuna. In kun ce nata ne, zan kira ta in ci gaba da tambaya a kansu layi bayan layi. In ta kasa, aikin duka ya tafi, da bokitin da komai. In kuma na wani malami ne da ya ce ta kwafa, yaro ba ya ƙin umarnin malaminsa, zan cire su in duba mata abin da ya rage. Amma zan rubuta sunan malamin in kai hukuma, abin da za su yi da shi kuma ba a hannuna yake ba. Malama, na wa ne?"

Firinsifal ya juyo yana mata magana da ido. Ta san abin da idon ke cewa: sunan makaranta, da nata sunan da ta yi shekaru tana ginawa, saura ƙiris ta fita da shi fes. Ta kuma san ƙaryar ba za ta ɗauki lokaci ba. A ce na yarinyar ne, a kira ta, a bar sauran ga sa'a. In ta faɗi, za a ce dama Hawainiya ce, wa ya yi mamaki?

Wannan karon ma ba ta iya jira ba, kuma a nan ne kawai gaggawarta ta yi wa wani rana.

"Nawa ne. Ni na rubuta, na ce ta kwafa. Ta ce min ba ta gane ba, na ce ta kwafa dai." Ta ɗaga haɓa. "Ka ga kuskure a ciki?"

"Ko ɗaya," in ji jami'in. "Shi ya sa na tambaya."

Firinsifal ya koma ya zauna.

"Abin da ya rage zai kai ta?" in ji Malama.

Mutumin ya mayar da tabarau, ya sake bin shafukan farko, da jadawalin lambobi, da layin nan da ya gangaro ya kwanta. Ya ɗauki lokacinsa. Malama ta ji kamar ta fizge takardun ta karanta masa.

"Ba zai kai ta sama ba. Amma zai haye da ita."

Haka kuwa aka yi. Yarinyar ta ci lissafi da maki na tsaka-tsaki, wanda ya ishe ta shiga inda take so. Hukuma ta aiko wa Malama takardar gargaɗi, aka kuma hana ta kula da aikin binciken ɗalibai har ta yi ritaya, aka ba wani matashin malami da ta ce ko jan layi bai iya ba. Firinsifal ya daɗe yana amsa gaisuwarta da ka. Kada kuma wani ya ɗauka ta sauya hali, hali zanen dutse ne. Mijinta har yau a baranda yake ɓare lemonsa.

Amma a ranar, a ɗakin nan, akwai sauran aiki ɗaya. Sai an raba shafukan da sauran aikin kafin jami'in ya sa maki. Ya sa farce yana ƙoƙarin ɗaga ƙarfen da ya maƙale takardun, ƙarfen na zamewa, yana sake gwadawa. Malama ta tashi, ta yi taku biyu zuwa teburin, hannunta ya riga ya miƙe. Sai ta hango ta gilashin ƙofa yarinyar tsaye a baranda, ta haɗa hannu a baya, gaban rigarta jiƙe da ruwa, ba ta san ko ta ci ko ta faɗi ba. Malama ta tsaya. Ta mayar da hannun ta riƙe shi da ɗayan.

"Malam, bar shi haka, don Allah. A kira ta a faɗa mata ta haye, kada a bar ta tsaye a can. Sannan a ba ta ta cire da hannunta, aikinta ne, ita ta san inda nata ya tsaya." Ta juya wajen Firinsifal. "Kai kuma, Yallaɓai, ka raka ni waje kafin ta fara, ka tsaya a bakin ƙofar. Ko na ce na manta jakata, kada ka bar ni in dawo sai ta gama."